Lambar NAFDAC da Shaidar Oganik: Bambancin da Ya Kamata Masu Sana'ar Kayan Shafe-shafe a Keffi Su Sani

KEFFI, Jihar Nasarawa: Sana'ar haɗa kayan shafe-shafe da sayar da su tana daga cikin ƙananan sana'o'in da suka samu gindin zama a garin Keffi da garuruwan da ke kan hanyarsa ta zuwa Abuja, kamar Masaka da Mararaba. Garin yana da nisan kimanin kilomita 50 daga babban birnin tarayya, ga Jami'ar Jihar Nasarawa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke cikinsa, waɗanda ɗalibansu da ma'aikatansu suka zama kasuwa mai zaman kanta. Bugu da ƙari, kaɗanya da riɗi, waɗanda ake tatsar mai daga gare su, amfani ne da jihar take samarwa.

A 'yan shekarun nan wata kalma ta bazu a jikin robobin man shafawa da sabulai, wato kalmar "oganik". Masu saye da yawa sun ɗauka cewa duk kayan da aka rubuta wa wannan kalma ba shi da illa, wasu masu haɗawa kuma sun ɗauka cewa rubuta ta ya ɗauke musu wajibcin yin rajista. Duka biyun kuskure ne mai iya jawo asarar jari. Takardu biyu ne mabambanta a wannan harka. Ta farko ita ce rajistar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, wadda doka ta wajabta, kuma batunta shi ne lafiyar mai amfani da kayan. Ta biyu ita ce takardar shaidar oganik, wadda ɗan kasuwa yake nema don raɗin kansa, kuma batunta shi ne yadda aka noma amfanin da yadda aka sarrafa shi. Babu wadda take maye gurbin 'yar'uwarta.

Asalin dokar

Tun shekarar 1974 Nijeriya take da dokar abinci da magunguna wadda ta haɗa har da kayan shafe-shafe, amma wani sashe ne na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya yake aiwatar da ita, kuma ƙarfinsa bai kai ba. A shekarar 1990 yara fiye da 100 suka rasu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan maganin farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba. Wannan musiba tana daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta wancan lokaci ta kafa NAFDAC da doka mai lamba 15 ta shekarar 1993, hukumar kuma ta soma aiki a 1994. Wata dokar, mai lamba 19 ta wannan shekara ta 1993, ita ce ta hana yin abinci ko magani ko kayan shafe-shafe, ko shigo da su, ko tallata su, ko sayar da su, sai an yi musu rajista.

A idon doka, kayan shafe-shafe sun ƙunshi duk abin da ake shafawa ko zubawa ko fesawa a jiki don tsabta ko ƙawa. Saboda haka man shafawa, da man kitso, da sabulun wanka, da turare, da hoda, da jan-baki, da rinin gashi duk sun shiga ciki. Dokar ba ta bambanta tsakanin babban kamfani a Legas da matar da take haɗa sabulu a ɗakin girkinta ba. Da zarar an zuba kaya a mazubi, aka liƙa masa suna, aka fitar da shi kasuwa, to ya shiga ƙarƙashin ikon hukumar.

Hukumar ta yi suna ƙwarai a zamanin Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008, lokacin da aka riƙa ƙona jabun magunguna a bainar jama'a. Har yanzu doka ta ba ta ikon ƙwace kaya, da rufe shago ko masana'anta, da lalata abin da aka ƙwace, da gurfanar da mai laifi a gaban kotu.

Abin da rajista take buƙata

Mai neman rajista yakan fara ne da yi wa sana'arsa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, sannan ya nemi amincewar ofishin rajistar tambarin kasuwanci a kan sunan da ya raɗa wa kayansa. Bayan haka sai ya shigar da takardar nema ta shafin intanet na hukumar da ake kira NAPAMS. Jami'ai za su zo su duba wurin da ake haɗa kayan, su ga tsabtar ɗaki da ruwan da ake amfani da shi, da kayan aiki, da lafiyar ma'aikata, da yadda ake ajiye bayanan kowane haɗi. Daga nan sai a ɗauki samfur zuwa ɗakin gwaji. Idan komai ya dace, sai a ba da lambar rajista, wadda take aiki na tsawon shekara 5 kafin a sabunta ta.

Akwai abin da ƙananan 'yan kasuwa suke yawan mantawa a nan. Lambar ta kaya ɗaya ce, ba ta kamfani gaba ɗaya ba. Wanda ya yi wa sabulunsa rajista ba shi da izinin buga wannan lamba a jikin man shafawarsa. Haka nan wanda ya sauya sinadaran haɗinsa bayan an ba shi lamba, ya fita daga abin da aka amince masa.

Rubutun jikin mazubi ma yana da ƙa'ida. Dole ne ya nuna sunan kaya, da jerin abubuwan da aka haɗa, da nauyi ko yawa, da sunan mai haɗawa da cikakken adireshinsa, da lambar haɗi, da ranar da aka yi, da ranar da zai lalace. Talla kuma tana buƙatar amincewar hukumar kafin a yaɗa ta. Duk wanda ya rubuta cewa man nasa yana warkar da ƙyasbi ko makero, ya fitar da shi daga sahun kayan ƙawa ya shigar da shi sahun magunguna, waɗanda sharuɗɗansu suka fi tsanani. Masu shigo da kaya daga ƙasashen waje kuwa ana neman su kawo takardar wakilci daga kamfanin da ya yi kayan, da takardar da ke nuna cewa ana sayar da shi ba tare da hani ba a ƙasar da aka yi shi.

Kuɗin rajista ya danganta da girman sana'a, kuma hukumar tana da rangwamen farashi ga ƙananan masana'antu. A watan Mayun 2020, lokacin annobar korona, Gwamnatin Tarayya ta sanar da ragin kashi 80 cikin 100 na kuɗin rajista ga ƙananan masu sana'a na wani ɗan lokaci.

Sinadaran da aka haramta

Babban abin da ya sa hukumar ta sa ido a kan kayan shafe-shafe shi ne man bilicin. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya nuna cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata, adadin da ya fi na sauran ƙasashen da rahoton ya ambata. A watan Fabrairun 2023, NAFDAC, a ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana matsalar a matsayin ta gaggawa ga lafiyar al'umma. Ƙa'idojin hana sinadaran bilicin kuwa an fitar da su tun 2005, aka kuma sabunta su a 2019.

Sinadarai uku ne aka fi kamawa. Na farko shi ne haidurokwinon, wanda yake hana fata samar da launinta. Ƙa'idar Nijeriya ta haramta kayan shafe-shafe da ya ƙunshi fiye da kashi 2 cikin 100 na wannan sinadari, Tarayyar Turai kuwa ta cire shi daga man hasken fata tun 2001. Yawan amfani da shi yakan bar baƙaƙen tabbai a kumatu da wuya, waɗanda suke da wuyar gogewa. Na biyu shi ne magungunan sitiroyid, irin su kulobetasol, waɗanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta su don cutar fata na ɗan taƙaitaccen lokaci. Idan aka mayar da su man yau da kullum, fata takan yi sirara, ta tsattsage, rauni ya ƙi warkewa, kuma suna iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Na uku shi ne zaiba, wadda take lalata ƙoda da jijiyoyi, take kuma iya isa ga ɗan tayi a cikin mahaifa.

A kan zaiba akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, wato Yarjejeniyar Minamata, wadda aka ƙulla a Japan a 2013, ta soma aiki a 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. Da farko yarjejeniyar ta ƙayyade cewa zaiba kada ta wuce kashi 1 cikin miliyan a kayan shafe-shafe. A taron Janeba na 2023 ƙasashen suka amince a daina sanya ta kwata-kwata, aka kuma sa shekarar 2025 a matsayin wa'adi.

A nan ne kalmar oganik ta zama abin damuwa. Wani ɓangare na abin da ake sayarwa da sunan "man oganik" a kasuwannin ƙasar nan haɗin hannu ne, inda ake matse bututun maganin sitiroyid ko a zuba garin haidurokwinon a cikin man kaɗanya, a ƙara turare, a zuba a roba ba tare da jerin sinadarai ba. Man kaɗanya tsantsa yana tausasa fata, amma ba ya sauya launinta. Saboda haka duk man da aka yi alkawarin zai haska mutum cikin mako ɗaya ko biyu, akwai abin da aka zuba masa wanda ba a faɗa ba. Dillalin da ya sari irin wannan kaya ya jera a shagonsa ya shiga cikin laifin, ko da ba shi ya haɗa ba, domin dokar ta hana sayarwa kamar yadda ta hana haɗawa.

Kwalli da lalle

Kasancewar abu na gargajiya ko na asali bai isa hujjar cewa ba shi da lahani ba, kuma kwalli ya isa misali. Wani nau'insa ana niƙa shi ne daga dutsen da ake samun dalma a cikinsa. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka gano dalma mai yawa a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka bincika sai aka tarar daga kwallin da ake sa masa ne, wanda gwaji ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta wallafa rahoton a 2012. Dalma tana daƙile ƙwaƙwalwar yaro, kuma illar ba ta gyaruwa.

Ganyen lalle kuwa launin ja yake bayarwa. Baƙin ƙunshi da ake kira dayis galibi yana ɗauke da sinadarin PPD na rinin gashi, wanda yake sa wasu mata ƙuraje da kumburi da ɗuri-ɗurin ruwa. Dokar Tarayyar Turai ta yarda da shi a rinin gashi da ƙayyadadden adadi, amma ba ta yarda a zana shi a fata ba. Mai son fitar da garin lalle zuwa waje ya kamata ya san cewa wannan yana cikin abubuwan da mai saye zai fara gwadawa.

Mece ce shaidar oganik

A harshen ciniki na duniya, amfanin oganik shi ne wanda aka noma ba tare da takin zamani ba, ba tare da maganin feshi na sinadari ba, kuma ba da irin da aka sauya wa halitta ba, sannan wata hukuma mai zaman kanta ta zo ta duba ta tabbatar. Turai ta kafa dokarta ta farko a kan wannan a 1991, sabuwar dokarta mai lamba 2018/848 kuma ta soma aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Amurka ta yi tata dokar a 1990, ta soma aiwatar da ita gadan-gadan a 2002. A Amurka, kaya ba ya amsa sunan oganik sai kashi 95 cikin 100 na abin da ke cikinsa ya cika sharaɗin. Idan kashi 70 ne, iyakar abin da za a rubuta shi ne an haɗa shi da kayan oganik.

Dokar Turai ta shafi amfanin gona ne da abinci, ba ta shafi haɗaɗɗen kayan shafe-shafe ba. Wannan gurbi ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suka cike shi. Wadda ta fi shahara ita ce ƙa'idar COSMOS, wadda ƙungiyoyi biyar daga Faransa da Jamus da Italiya da Ingila suka haɗu suka kafa, ciki har da Ecocert da Soil Association. Ƙa'idar ta ce sai aƙalla kashi 20 cikin 100 na dukan haɗin ya zama oganik, ko kashi 10 ga kayan da ake wankewa kamar sabulun ruwa. Dalilin ƙanƙantar adadin shi ne ruwa, wanda shi ne mafi yawa a man shafawa, ba a lissafa shi a matsayin oganik. Daga cikin tsirran da aka tatsa ko aka niƙa kuwa, sai kashi 95 sun zama oganik.

Ko da an samu wannan shaida, ba ta buɗe ƙofar Turai ita kaɗai. Dokar kayan shafe-shafe ta Tarayyar Turai mai lamba 1223/2009, wadda ta soma aiki a 2013, ta wajabta a samu wakili mazaunin can da zai ɗauki alhakin kayan, a kuma rubuta rahoton binciken lafiyarsa. Amurka ma ta ƙarfafa tata dokar a watan Disambar 2022, inda ta wajabta rajistar masana'antu da kayansu. Ke nan a can ma takardar lafiya daban take, ta oganik daban.

A cikin gida akwai Ƙungiyar Masu Noman Oganik ta Nijeriya, wato NOAN, mai hedkwata a Ibadan, wadda take yaɗa tsarin da manoma da masu saye suke duba juna su ba da shaida. Tsarin yana da sauƙin kuɗi kuma ya dace da kasuwar gida. Mai saye a Turai ko Amurka kuwa yana karɓar takarda ce daga hukumar bincike da gwamnatinsa ta amince da ita, irin su Ecocert da Control Union. Game da wanda ya rubuta oganik ba tare da wata hujja ba, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta haramta rubutun yaudara a jikin kaya.

Kaɗanya da riɗin Nasarawa

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan 'ya'yan kaɗanya, amma rabonta a cinikin man kaɗan ne ƙwarai, domin yawancin abin da ake tsincewa ɗanye yake fita. A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen 'ya'yan kaɗanya na tsawon wata 6, da nufin a riƙa sarrafa su a gida. Ga masu tatsar mai a Keffi da kewaye, wannan manufa tana nuna inda gwamnati ta dosa, amma man da aka tatsa ba zai samu farashi mai kyau ba sai ya cika ma'auni.

Kaɗanya tana da sauƙin shiga tsarin oganik fiye da yawancin amfanin gona, domin itace ne da ba a zuba masa taki ba a yi masa feshi. Dokar Turai ta amince da abin da aka tsinto a daji muddin an shata yankin, aka kuma tabbatar cewa shekara 3 ba a zuba masa haramtaccen sinadari ba. Matsalar ita ce itatuwa da yawa suna tsakiyar gonakin masara da dawa ne, inda ake fesa maganin ciyawa kowace damina. Sannan akwai matsalar sarrafawa. Busar da 'ya'yan a kan hayaƙi yana barin gurɓataccen sinadari a cikin mai, ajiye su da danshi kuma yana kawo fumfuna ya sa man ya yi tsami. Zuba mai a jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ya isa ya ɓata lodi guda. Ma'aunin Codex na man kaɗanya da ba a tace ba, wanda aka amince da shi don nahiyar Afirka a 2017, yana auna danshi da tsami da datti ne wajen rarraba daraja.

Riɗi, wanda Nasarawa take cikin manyan jihohin da ke noma shi, ya fi wahala. A dokar Turai gona sai ta yi shekara 2 ba sinadari kafin shukar da za a kira oganik, a ta Amurka kuma shekara 3 kafin girbi. A tsawon wannan lokaci manomi yana ɗaukar wahalar noman oganik, amma farashin kasuwa na yau da kullum yake samu. Rumbu da buhu da motar ɗauka ma sai an ware su. Darasin da wake ya koyar har yanzu bai gushe ba, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari da ake zuba masa a wurin ajiya.

Manomi ɗaya mai kadada biyu ba zai iya biyan kuɗin mai binciken da zai zo kowace shekara ba. Don haka ne dokar Turai ta tanadi shaidar ƙungiya, inda ƙananan manoma da ba su wuce 2,000 ba za su haɗu a ƙungiya mai rajista, su naɗa masu duba na cikin gida, su ajiye littafin kowane manomi da kowace gona. Mai binciken waje yakan duba littattafan ne, ya zaɓi wasu gonaki ya ziyarta, ya ɗauki samfur. Idan tsarin cikin gida ya gaza, ƙungiyar gaba ɗaya tana iya rasa takardarta.

Lissafin ɗan kasuwa

Daga abin da ya gabata, jerin matakan a bayyane yake. Wanda kasuwarsa ita ce Keffi da Lafiya da Abuja, abin da ke gabansa shi ne rajistar CAC, da gyara wurin aiki, da lambar NAFDAC ga kowane kaya, da rubutun gaskiya a jikin mazubi. Idan man kaɗanya ne tsantsa, faɗin hakan ya wadatar, kuma magana ce da gwaji zai iya tabbatarwa. Manyan kantunan Abuja galibi suna neman lambar hukumar kafin su karɓi kaya, don haka rajistar kanta hanyar faɗaɗa ciniki ce.

Wanda yake hangen kasuwar waje kuwa, masu harkar sukan fara ne da samun mai saye, su ji irin shaidar da yake so, kafin su kashe kuɗi a kan bincike, domin takardar ana sabunta ta ne kowace shekara, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ya fi sauƙi kuma a soma da fitar da man kaɗanya ko man riɗi a matsayin ɗanyen kayan masana'anta, kafin a kai ga haɗaɗɗen man shafawa mai buƙatar wakili da rahoton lafiya.

Dillalai da masu shaguna su ma suna da nasu aikin. Ya kamata su nemi ganin takardar rajista daga hannun mai kawo musu kaya, su gwada lambar da ke jikinta da wadda ke jikin roba, su kuma ajiye rasiɗin saye. Idan an rubuta oganik, su tambayi sunan hukumar da ta ba da shaidar da lambar takardar. Kayan da mai shi ya kasa amsa waɗannan tambayoyi biyu, ranar da jami'ai suka shigo kasuwa, mai shago ne zai ɗauki asararsa.